Lambar Gidan Inna Larai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa mazauna Kuala Lumpur, Dakta Abdulbaƙi, wanda ya ba ni minti goma sha biyar, ya kuma kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur yadda zan riƙa ganinsa. Malam Liman, mai ja mana salla da jan kunne. Iyayenmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan, waɗanda suka nuna mana inda ake samun kuɓewa da manja tun kafin mu san hanyar makaranta. Malamina Farfesa Adnan, wanda ya jagoranci bincikena shekara huɗu, ga shi nan a sahun gaba yana ta murmushi alhali bai ji ko kalma ɗaya ba. Iyayenmu mata da matanmu, waɗanda tun safe suke kan tukunya. 'Yan'uwana masu karatu da tallafin gwamnati, waɗanda furfura ta cim musu a ɗakin karatu na Jalan Semarak. Ƙannenmu na kwalejoji masu zaman kansu, da suka jeru can baya kusa da teburin abinci, na tabbata don su tsare mana shi ne. 'Ya'yanmu da ake yi wa Hausa su mayar da Turanci ko Malayanci. Jama'a maza da mata, ina yi muku sallama irin ta Musulunci, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Akwai baƙuwa guda da ba ta cikin wannan zaure amma tana jin mu. Wayar da kuke gani a hannun maiɗakina Zuhra a buɗe take. Zan zo kanta, domin ita ce jawabin.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan walima ta waɗanda suka kammala karatu. Ina godiya ga ƙungiya da ta shirya ta, ina godiya ga masu wannan gini na Danau Kota da suka ara mana zaure, ina kuma godiya ga 'yan'uwana shida da muka gama tare, waɗanda suka zaɓe ni in yi magana a madadinsu saboda, a cewarsu, nawa binciken ne kaɗai yara za su gane.

Sunana Muhyiddeen Ubaidullah, kuma digirin digirgir ɗin da na yi a kan tsarin ba wa gidajen karkara lamba ne a ƙaramar hukuma. Na ga wasu sun fara dariya, ku yi abinku, na saba. Shekara huɗu ke nan ana tare ni a bakin masallaci ana cewa, "Malam Muhyiddeen, wai da gaske tun daga Nijeriya ka hau jirgi ka zo koyon rubuta lamba a bango? Ai ko mai fenti zai yi maka wannan." To yau zan ba da amsa gaba ɗaya, a cikin magana uku, don in huta.

Magana ta farko ita ce yadda muke kwatance.

Jama'a, idan ka je ƙauyenmu Zangon Marke ka tambayi gidan wani, ba adireshi za a ba ka ba, tarihi za a ba ka. Za a ce ka miƙe har ka kai tsamiyar da aka sare. Ka karya dama daidai inda motar taki ta taɓa maƙalewa. Za ka ga gidan da aka yi biki bara, to ba shi ba ne. Ka ƙara gaba kaɗan, sai ka yi tambaya. Duk kwatancenmu a nan yake ƙarewa, sai ka yi tambaya. Ba a gaya maka inda tsamiyar take, domin kowa ya san inda take, duk da cewa babu ita.

Kada kuma wani ya ce halin mutanen ƙauye ne, domin da shi muka hau jirgi. A makona na farko a garin nan na shiga tasi daga Titiwangsa, adireshin masaukina yana aljihuna a rubuce, gini da hawa da ƙofa, amma ban fito da shi ba. Sai na gyara zama na ce wa direba ya wuce shagon mamak, irin gidajen shayi da abincin nan na Indiyawa Musulmi, ya juya wajen wata babbar bishiya. Mutumin ya dube ni ta madubi ya ce, "Boss, mamak a unguwar nan sun fi ɗari lah. Ba ni lamba." Yau ma, takardar gayyatar wannan taro tana ɗauke da adireshi cikakke, amma mutum bakwai sun kira ni suna tambaya, "Wai kusa da ina ne?" Biyu daga cikinsu daktoci ne, ɗaya kuma yana zaune a kan babban tebur, ba zan kama suna ba.

Muna dariya, kuma abin dariya ne, har ranar da ya daina zama abin dariya. Shekara tara da suka wuce, da la'asar sakaliya, mahaifina Malam Ubaidullah ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida. An samu mota daga asibitin ƙaramar hukuma, direban kuma baƙo ne, aka yi masa kwatance irin namu. Minti arba'in ya yi yana yawo a cikin gonaki yana neman tsamiyar da aka sare tun yana makarantar firamare. Da ya iso, an riga an rufe Baba da mayafi. Na sani ajali ba ya jira, kuma babu likitan da ya ce mini da an zo da wuri da ya tashi. Amma minti arba'in ɗin nan sun zauna mini a ƙirji, har yau ban sauke su ba. A ranar na ɗaukar wa kaina alkawari cewa mahaifiyata, Inna Larai, ba za ta taɓa kwanciya tana jiran motar da take neman tsamiya ba. Tana da ciwon suga, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe kafin a faɗa fadama. Wannan shi ne abin da ya kawo ni Malesiya.

Magana ta biyu ita ce yadda tsarin yake aiki, kuma ina roƙon ƙannenmu na baya su saki murfin kular nan su saurara, ba zan daɗe ba.

A birni ana ƙirga ƙofofi ne, ɗaya, biyu, uku, domin gidaje a manne suke. A karkara wannan ba ya yiwuwa. Tsakanin gida na huɗu da na biyar akwai gonar dawa, kuma baɗi ɗan mai gonar zai yi aure ya gina a ciki, bayan shekara ƙaninsa ya bi shi. Wace lamba za ka ba su? Saboda haka a karkara ba gidaje ake ƙirgawa ba, hanya ake aunawa.

Da farko kowace hanya sai an ba ta suna, an kuma yanke inda kanta yake, wato inda ta rabu da babban titi. Daga wannan wuri ake fara awo. Sannan kowace mita goma lamba ɗaya ce, ko da gida ko babu gida. Gonar da babu kowa a cikinta tana da lambarta tana jira, ranar da aka yi gini sai a je a auna ƙofar zaure a ba mai gida abinsa, ba tare da an taɓa ta maƙwabcinsa ba. Sannan hannun hagu yana ɗaukar ɗaya, uku, biyar, hannun dama yana ɗaukar biyu, huɗu, shida. Littafin lambobin yana zama a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ba asibiti kwafi, a ba gidan waya, a ba 'yan kwana-kwana.

Ku ɗauki gidanmu misali. Hanyar Fadama, lamba ɗari biyu da sittin da uku. Ka ƙara mata sifiri a ƙarshe, ta zama mita dubu biyu da ɗari shida da talatin daga bakin titi. Ta ƙare da uku, saboda haka hagu ne. Wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, wanda bai san tsamiya ba, bai san motar taki ba, bai ci shinkafar bikin bara ba, idan ka ba shi wannan lamba ka ba shi gidan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, lambar ta ƙasa ce, ba ta mutum ba ce. Ba sarauta ba ce, ba shekaru ba ce, ba matsayi ba ce a jarrabawa. Nisa ce kawai.

Na faɗi wannan sau uku yanzu, na kuma faɗe shi sau talatin a Zangon Marke, wanda ya kawo mu magana ta uku.

A shekarata ta biyu na koma gida gwajin tsarin, da izinin ƙaramar hukuma. Na sauka da keken awo, irin mai taya ɗaya da sanda, ina turawa a kan hanya yana ƙirga mitoci. Mutanen gari suka fito suna kallo. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah sarki ɗan Larai, shekara biyu a ƙasar waje, ko keken ma rabi ya samo." Mako uku ina awo. Gida ɗari da arba'in na auna, aka buga musu alluna na ƙarfe, shuɗi da farin rubutu, na kafa kowanne da hannuna. Sannan aka tara jama'a a rumfar kasuwa, Dagaci yana zaune, na yi bayani kamar yadda na yi muku yanzu. Na ce an gane? Gari ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane." 'Yan'uwana masu shirin komawa gida, idan kuka ji taro ya ce "mun gane" da sauri haka, kada ku tashi, ku gyara zama.

Wata biyar da dawowata, na roƙi ɗan baffana Bala, malamin firamare ne a garin, ya hau babur ya ɗauko mini bidiyon hanyar daga kai zuwa ƙarshe, don in nuna wa Farfesa nasarar da aka samu. Ban ma kalla ba, saboda tsabar yarda da kaina, na kai masa ofis muka buɗe tare.

A bakin titi akwai rumfar Hassan mai faci, wanda awo ya ba shi lamba ɗaya. Sai ga allon ɗari da goma sha takwas a rumfarsa. Aka ci gaba, ga arba'in, ga bakwai, ga ɗari da casa'in, ga goma sha biyu. Aka iso ƙofar Dagaci, sai ga lamba ɗaya tana sheƙi, an ma goge ta da mai.

Abin da ya faru shi ne, bayan tafiyata fadawa suka ce ba a taɓa yi ba, a ce mai faci ne na ɗaya a gari, Dagaci na ɗari da wani abu. Aka aika wa Hassan. Shi kuwa ko gardama bai yi ba, ya ce wannan ma ta fi yawa. Da Dagaci ya karɓi ɗaya, sai aka ga ai bai kamata Liman ya wuce biyu ba. Malam Liman, ba da kai nake ba, na can nake nufi. Daga nan sai Baba Ɗanladi ya lura cewa ƙaninsa, wanda ya goya a bayansa, yana da talatin da shida, shi kuma yana da tamanin. Ya ce ba a gidan ubansu ba. Kafin a ce me, an kafa kwamitin dattawa, kuma a ranar wata Juma'a bayan an sauko, aka ciro allunan gari kaf aka zube a tabarma, aka sake rabawa bisa shekaru da girma, cikin adalci da natsuwa, aka shafa fatiha. Wani da ya tashi ya koma ƙetaren rafi ya tafi da allonsa tare da ƙyauren ɗakinsa. Wani kuma da ya aurar da 'yarsa ya sa nasa a cikin kayan ɗakinta, don kada a ce ta je gidan miji ba lamba.

Farfesa Adnan ya kalli bidiyon nan sau biyu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Muhyiddeen, je ka makan tukuna." Wato in je in ci abinci. A ƙasar nan idan malaminka ya ce ka je ka ci abinci da ƙarfe goma na safe, ka san aikinka ya shiga uku.

Amma ba kundin bincikena ne ya hana ni cin abincin ba. A ƙarshen bidiyon babur ya tsaya a ƙofar gidanmu, kuma bangon fayau yake, babu allo ko na wani. Ƙusoshin kawai na gani.

Na kira Inna. Sai in gaya muku, ni ne ɗanta na fari, saboda haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai wannan" nake, da na zo nan na samu ƙarin girma na zama "mutumin Malesiya".

Na ce, "Inna, ina allon?"

Ta ce, "Yana nan lafiya ƙalau."

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "A akwati, ƙarƙashin atamfofina. Abin da aka kawo mini daga Malesiya ne zan bar wa rana da ruwan sama, awaki suna soshe-soshe a jikinsa?"

Na ce, "Inna, a Kano aka buga shi."

Ta ce, "Daga hannun wa na karɓa?"

Na yi bayani, na yi magiya, na kawo mita, na kawo sifiri. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mutumin Malesiya, shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan. Wanda bai san gidana ba, me zai zo yi a gidana?" Ta tambaye ni ko ina cin abinci sosai, ta kashe waya.

Jama'a, na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi fushi da gari, na yi fushi da kwamitin dattawa, na yi fushi da keken awo. Amma a ƙarƙashin fushin tsoro ne. Na ƙetare teku, na bar ta ita kaɗai, don in yi abu guda, ga shi abin yana cikin akwati ƙarƙashin atamfa.

Bayan wata biyu, ranar wata Talata da ƙarfe biyar na yamma, ina zaune a shagon mamak ɗin da ke ƙasan ginin nan ina shan shayi, a gida kuma hantsi ne, sai wayata ta yi ƙara. Inna ce. Na ɗauka, na ji numfashi, na ji magana tana harɗewa kamar ta mai barci. Sannan ta ce, "Muhyiddeen."

Shekarata talatin da takwas a duniya, ranar na fara jin sunana a bakinta. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Talata ranar kasuwar garin da ke gaba da mu ce, gari ya watse. Na kira Bala, wayarsa a kashe. Na kira maƙwabta biyu, ɗaya yana kasuwa, ɗaya yana cikin fadama. Sai na kira ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Wata murya da ban sani ba ta ɗauka, ta ce sunanta Malama Rumaisa, ita ce sabuwar jami'ar lafiya, kwananta takwas a garin, daga wata jiha aka turo ta. Na gaya mata halin da ake ciki. Ta ce, "Ga ni nan na ɗauko jaka, amma ban san kowa ba. Yi mini kwatance."

To ku saurari abin da mai digiri a kan lambar gida ya ce. Na buɗe baki na ce, "Ki miƙe har ki kai tsamiyar da aka sare."

Wallahi haka na ce. Da kunnena na ji kaina, kuma wannan ita ce jimlar da aka gaya wa direban Baba. Na yi salati na ce, "Malama, manta da wannan. Babur ɗinki yana da agogon da ke ƙirga tafiya?"

Ta ce, "Yana da shi."

Na ce, "Yana aiki?"

Ta ce, "Shi kaɗai ma yake aiki."

Na ce, "Tsaya a rumfar mai faci, ki karanta abin da ya nuna. Ki bi Hanyar Fadama kilomita biyu da ɗigo shida, ki ƙara taku kaɗan, gida na hannun hagu. Kuma don girman Allah kada ki kalli allon kowa."

Ta sa wayar a cikin hijabi ta kama hanya, ina jin ƙarar babur. Can sai ta ce, "Ga ɗari da casa'in, na kusa ke nan?" Na ce kada ki kalla! Ta ce, "Yanzu kuma ga goma sha biyu, ko baya nake yi?" Na ce kada ki kalla, agogon kawai! Ta ce, "Ikon Allah, ga lamba ɗaya a tsakiyar gari." Na ce wannan Dagaci ne, wuce shi! Ina tsaye a tsakiyar shagon mutane ina ta kwarara Hausa, masu cin gurasar roti sun ajiye hannu, mai shagon ya zo ya tsaya kusa da ni da kofin ruwa yana cewa boss, boss.

Minti goma sha ɗaya. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji babur ya mutu, na ji ta ce, "Biyu da ɗigo shida. Ga zaure a hagu, ga ƙusoshi huɗu a bango." Na ce shiga, nan ne.

Ta same ta kwance a tsakar gida kusa da turmi, suga ya faɗi ƙasa warwas. Ta yi mata abin da ya kamata. Ni dai ina riƙe da waya ina jin motsi, ina jin kukan awaki, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Bayan wani lokaci da ba zan iya aunawa da kowane keke ba, sai na ji muryar Inna, a raunane amma tata ce, tana cewa, "Wace ce wannan? Wa ya nuna mata gidana?" Jim kaɗan ta ƙara da cewa, "An ba baƙuwar nan ruwa kuwa?"

Na zauna a kujerar roba na yi kuka, kuka na gaske, a gaban Malayawa da Indiyawa da 'yan Sin. Mai shagon ya ƙi barina in tafi hannu wofi, ya yi mini tapau, wato ya ƙunshe mini roti biyu in tafi da su.

Abin da na kasa yi da taro talatin, Malama Rumaisa ta yi shi da zama ɗaya. Ta je fada ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙuwa ce, da awo nake aiki. Allah ya kiyaye, ranar da aka kira ni aka ce mai lamba ɗaya ba shi da lafiya, mita goma zan yi daga titi in tsaya, in kama Hassan mai faci in yi masa allura." Dagaci ya shafa gemu. Juma'ar da ta biyo baya kwamitin dattawa ya sake zama, aka sake zube alluna a tabarma, Bala yana karanta littafi, kowanne ya koma bangonsa. Har na ɗakin amarya sai da aka karɓo, da ban haƙuri.

Sharaɗi ɗaya Dagaci ya kafa, cewa tunda ɗari da goma sha takwas zai riƙe, to allonsa ya ninka na kowa girma. Aka yi masa. Wannan sharaɗi shi ne babi na shida a kundina, kuma a kansa masu jarrabawa suka fi yaba mini: lamba ta bi ƙasa, girman allo ya bi girman mai gida. Hassan kuwa ya koma lamba ɗaya, yanzu ya rubuta ta a rigarsa, ba a iya magana da shi.

Saboda haka, 'yan'uwana, ga roƙona. A cikin zauren nan akwai injiniyoyi, akwai likitoci, akwai masana na'ura, kuma jama'a ce ta ɗauki nauyin karatun yawancinmu. Kowannenmu yana da wata tsohuwa a ƙarshen wata hanya, kowannenmu yana da tsamiyar da aka sare. Idan kun koma, ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku ku tambaya ko hanyoyinku suna da suna. Idan za ku kai sabon abu, ku fara zama da dattawa kafin ku fara buga ƙusa, ku tambaye su abin da zai ɓata musu rai, domin kuskuren Zangon Marke nawa ne kafin ya zama nasu. Na auna hanya mita bayan mita, ban auna mutanen da ke bakinta ba. Kundina yana nan, duk mai so zan ba shi kyauta, shafi ɗari uku ne, yana kuma maganin rashin barci.

Na ga shugaba ya ɗaga agogo, saura kaɗan, ranka ya daɗe.

Za ku so ku ji labarin allon Inna. Ya fito daga akwati. Ta sa kafinta ya yi masa 'yar rumfa ta kwano a kansa, kullum da safe tana goge shi da gefen zane. Har yanzu idan hadari ya haɗu takan cire shi ta shigar ɗaki, muna kan tattaunawa a kan wannan.

Makon jiya na kira ta na ce an gama, an ba ni digiri. Na zaci za ta yi guɗa. Sai ta ce, "Madalla. Mutumin Malesiya, ka auna hanya, ka sa lamba, baƙuwar da ba ta san kowa ba ta gano gidan nan a minti goma sha ɗaya. Kai da ka sa lambar, shekara biyu ke nan ba ka gano shi ba."

Masu jarrabawa uku sun yi awa uku suna yi mini tambayoyi, duk na amsa. Wannan ban amsa ba, domin gaskiya ta faɗa.

Allah ya jiƙan Malam Ubaidullah da dukkan iyayenmu da suka riga mu. Allah ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya ba mu ikon kyautata musu tun suna jin muryarmu. Allah ya saka wa Farfesa Adnan da mutanen ƙasar nan da suka riƙe mu da mutunci. Allah ya saka wa Malama Rumaisa, ya ba ta babur mai aiki gaba ɗaya. Waɗanda suke tsakiyar karatu Allah ya fitar da su lafiya, ƙannenmu na baya Allah ya ba su haƙurin minti ɗaya, ya albarkaci abincin da iyayenmu mata suka dafa, ya mayar da kowa masaukinsa lafiya, gini da hawa da ƙofa.

Zuhra, ɗaga wayar nan sama.

Inna, na san kina ji. Jirginmu ranar Alhamis ne. Asabar da hantsi, in Allah ya yarda, zan tsaya a rumfar Hassan in kama Hanyar Fadama, kuma ba zan tambayi kowa ba. Ɗari biyu da sittin da uku, hannun hagu. Ko kin shigar da allon ɗaki, zan gane gidan.

Na gode.